Baba Tsoho da Addu'ar 'Yan Tawaye

Ranar wata Laraba ce cikin watan takwas, a hutun shekarar da na gama aji uku na firamare, muna gonarmu ta hanyar Zurmi muna maimai. Gero ya kai ƙugun babba, ni kuwa ya shanye ni har wuya. Mamana tana kan kunya ɗaya, Baba Tsoho, wato kakana na wajen uba, yana kan ta kusa da ita, ni kuma ina bin bayansu ina tattara ciyawar da suka nome don in kai wa awakinmu. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, ƙamshinta yana tashi duk inda hauya ta sara. Rediyon Baba Tsoho, wata 'yar ƙarama mai rigar fata, tana rataye a reshen aduwar da ke bakin gona, tana ta surutunta ba mai kula ta. Rana ta ɗan karkata ke nan sai mai karanta labarai ya ambaci Laberiya. Ya ce an gwabza faɗa kusa da tashar jiragen ruwa, 'yan tawaye sun afka wa sojojin kiyaye zaman lafiya, an kashe wasu, wasu kuma ba a san inda suke ba. Babana yana cikin sojojin nan.

Mama ta saki hauya ta ɗora hannu biyu a ka. Ba ta yi kuka ba, sai dai bakinta yana motsi ba sauti. Baba Tsoho ya miƙe a hankali, ya je ya kashe rediyo, ya dawo ya cire malfarsa ya aje a kan kunya, sannan ya durƙusa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan. Muka durƙusa tare da shi. Na rufe ido ina jira in ji ya kira sunan babana, Ishaya, tun a kalmar farko. Bai kira ba. Ya fara da Allah. Ya ce shi ne ya shimfiɗa wannan fili tun daga Ƙaura har inda ido bai kai ba, shi ya haƙa wa teku ramin da take kwance, shi ke ƙirga numfashin kowane sarki. Ya ce al'ummai suna ta hayaniya, masu mulki da masu bindiga suna kumbura suna cewa ba wanda ke bisansu, shi kuwa yana zaune a kursiyinsa, ko gezau. Ya daɗe a nan ƙwarai, har na buɗe ido ɗaya na dube shi. Fuskarsa tana sama, gumi yana bin gemunsa, kamar wanda ya manta da mu. Daga nan ya shiga roƙo, kuma abin da ya fara roƙo shi ne ya daskarar da ni. Ya roƙi Allah ya ji tausayin 'yan tawayen, ya karya girman kansu kafin ya karya su, ya tuna da cewa wasunsu yara ne da aka ɗora wa bindiga. Ya roƙa wa shugabannin ƙasar da namu. Sai can ƙarshe ya ce, "Ga ɗanka Ishaya, ga Sani ɗan maƙwabcina. A hannunka suke tun kafin su shiga jirgi." Ya rufe da sunan Yesu. Mama ta ce amin da ƙaramar murya. Ni kam na datse bakina.

A lokacin gidanmu yana bayan tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya ƙare. Aikin layin ne ya kawo Baba Tsoho garin tun yana saurayi, daga wani ƙauye can kudu inda iyayensa suka karɓi bishara. Ya yi shekaru yana bin layi da doguwar guduma a kafaɗa yana ƙwanƙwasa ƙarfe, har ya yi ritaya ya koma noma. Mutanen unguwa suna ce masa Dauda Mai Layi, a majami'a kuma dattijo ne. Mu Kirista ba mu da yawa a garin. Majami'armu 'yar ƙarama ce mai rufin kwano, idan ruwa ya sauko ana sujada sai fasto ya yi shiru a jira, don ba mai jin wani. Katanga ɗaya ta raba mu da gidan Malam Garba, mai sayar da buhunan hatsi, wanda ke bin kasuwannin Shinkafi da Kasuwar Daji. Ɗansa Sani ya girma tare da babana, tare suka yi wasan langa, tare suka shiga soja, tare kuma aka kwashe su zuwa ƙasar da ko sunanta ban iya faɗa daidai ba. Da sallah tuwonsu da namansu kan tsallako katanga, da Kirsimeti shinkafarmu ta tsallaka.

Rayuwata kafin wannan Laraba ba ta da wani nauyi. Da safe in share tsakar gida, in ɗebo ruwa a rijiyar bayan tasha, in ba awaki dusa, in wanke kwanonin da Mama ke zuba wainar da take sayar wa ma'aikatan tasha. Idan an tashi makaranta mu taru a gindin dalbejiyar ƙofar gida mu yi carafke da 'yan duwatsun da muka tsinto a gefen layi, waɗanda suka fi na ko'ina santsi. Muna yin 'yar tsana da ƙashin ƙafar saniya, mu yi mata kitso da zare. Idan muka ji kukan jirgi daga wajen Gusau, duk abin da ke hannunmu sai mu watsar mu ruga, mu tsaya muna kallon yadda ake sauke kaya ana loda gyaɗa da fatu. Baba Tsoho yana kirana Amarya, irin wasan kaka da jika, ya ce ya biya sadakina da rake. Ni kuma in ce ba na son tsoho mai furfura. Kullum kafin kowa ya fita yakan tara mu a tsakar gida a yi addu'ar safe, kuma tun ina ƙarama na saba jin sunayen ƙasashe a bakinsa. Duk ƙasar da ya ji a rediyo ana rikici, washegari da safe sai ta shigo addu'armu. Ni dai ina ɗaukar abin wani tsawaita zance ne na tsofaffi da ke sa kokona ya huce. Ban taɓa tunanin wata rana ƙasar da zai ambata za ta riƙe babana ba.

Bayan wannan labari gidan ya canza. Mama ta ci gaba da toya waina, amma sau da yawa sai ƙaurin ƙonewa ya fargar da ita. Zanenta ya fara yi mata yawa. Matan zumunta na majami'a suna zuwa da yamma su zauna da ita, su rera waƙa a hankali ba tare da tulu ko kacau-kacau ba. Inna Hajo, mahaifiyar Sani, takan leƙo ta kan katanga, su dubi juna, ba wadda ke da abin gaya wa wata. Duk lokacin labarai Malam Garba yakan fito da buzunsa ya shimfiɗa kusa da kujerar Baba Tsoho a ƙofar gida. Kunnensa ya ɗan yi nauyi, don haka idan an gama sai ya matso ya ce, "Dauda, mi anka ce ga yaran ga namu?" Baba Tsoho ya ce ba a ambaci suna ba. Sai Malam Garba ya ja carbinsa ya ce Allah shi kiyaye, Baba Tsoho ya amsa da amin, su ci gaba da zama har a kira sallah. An je barikin soja an tambaya, aka ce a yi haƙuri, ba labari tukuna.

Da aka koma makaranta na roƙi malaminmu ya nuna mini Laberiya a taswirar da ke bangon ajinmu. Ya ɗora yatsa a kan wani ɗan wuri a bakin shuɗin teku, kan yatsan nasa ya rufe ƙasar gaba ɗaya. Na tsaya ina mamakin yadda wuri ƙarami haka zai haɗiye mutum mai tsawon babana. A filin makaranta yara maza sun ƙirƙiro sabon wasa, su rabu biyu, soja da 'yan tawaye, da bindigogin kara suna harbi da baki. Da can nakan tsaya in yi dariya idan wani ya faɗi ya yi mutuwar ƙarya. Yanzu da na gan su sai in koma bayan aji. A zuciyata kuwa na tsara tawa addu'ar, gajera, wadda nake yi ina tafiya rijiya: Allah ya dawo da babana, ya sa ƙasa ta haɗiye waɗanda suka harbe su. Da safe idan Baba Tsoho ya kai kan 'yan tawaye, sai in buɗe ido in kalli kaji.

Ya lura, amma bai ce mini komai ba. Ni ce na kasa riƙewa. Lokacin gero ya fid da kai, tsuntsaye sun fara damunsa, sai ranar wata Asabar muka tafi gona mu biyu don kora. Ya ɗaura igiya daga wannan gefe zuwa wancan, ya rataya tsofaffin gwangwanaye, ni kuma ina kan rumfar kara ina jan igiyar ina ihu. Da muka zauna shan fura a 'yar bukkar da ya kafa a tsakiyar gona, na ce, "Baba Tsoho, me ya sa kake yi wa masu son kashe babana addu'a?" Ya aje ludayi ya dube ni. Kafin ya amsa na ƙara da wadda ta fi ci mini rai. Na ce idan Allah ne ke mulkin kome, kamar yadda yake faɗa kullum, to me ya sa ya bar su suna kisa, kuma mene ne amfanin roƙonsa tunda ya riga ya san abin da zai yi?

Na zaci zai yi mini faɗa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Amarya, kin taɓa ganin an kai ƙara wurin wanda ba shi da iko? Don shi ke mulki, shi ya sa nake roƙonsa. Da 'yan tawaye ke mulki, da su zan je in durƙusa wa." Ya ce Allah ya riga ya naɗa Sarkinsa, Yesu, ya ba shi dukan al'ummai, waɗanda suka yarda da waɗanda suke tirjiya. Masu tirjiyar suna da ɗan lokaci da aka ba su, kuma ba su suka yanka wa kansu tsawonsa ba. Ya ce Mai mulkin nan, don alherinsa, ya ga dama ya riƙa aiki ta wurin roƙon ƙananan mutane irinmu, yadda uba kan bar ɗansa ya kama masa bakin buhu alhali shi kaɗai ma zai iya ɗauka. Game da 'yan tawaye kuwa, ya kalli gero ya ce, "Kowa ya taɓa ce wa Allah ba ruwanka da ni. Ni ma ɗan tawaye ne aka yafe wa. In na roƙa a hallaka su tun ba su tuba ba, da wane baki zan gode don ni an jira ni?" Ban gane duka ba. Abin da na gane shi ne ba don bai damu da babana ba yake yin haka, domin da ya zo faɗin sunan Ishaya a ƙarshen maganar muryarsa ta karye, ya juya kai yana gyara igiyar malfa.

Muna nan sai iska ta tsaya cak. Tsuntsayen da muka wuni muna kora suka tashi gaba ɗaya suka yi yamma ba wanda ya kore su. Na leƙa waje na ga gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har tsakiyar sama, hadari ya taso kamar dutse yana tafiya. A wannan fili namu ba tudu ba tsauni, ana ganin hadari tun daga tushensa. Walƙiya tana tsaga shi daga sama har ƙasa, can wajen Birnin Tsaba. Ba lokacin gudu gida. Muka koma cikin bukka, Baba Tsoho ya naɗe rediyo a cikin rigarsa. Iska ta iso, gero duka ya kwanta ya tashi, ya sake kwantawa, gwangwanayenmu suna kaɗawa kamar hauka. Sai tsawa ta faɗi kusa, irin wadda ake ji a cikin haƙora. Na ƙanƙame shi ina kuka. Ruwa ya zubo har ba a ganin aduwar bakin gona. A cikin wannan rugugi na ji ƙirjinsa yana rawa a kunnena, na ɗaga kai na ga ashe magana yake yi da Allah, da ƙarfi, idonsa a buɗe, fuskarsa cike da wani irin farin ciki mai haɗe da tsoro wanda ban taɓa gani a fuskar mutum ba. Ban ji kalmominsa duka ba saboda ƙarar ruwa. Na dai ji yana cewa, "Kai ne! Kai kaɗai ne!" A ranar na fara jin cewa wanda ake kira a tsakar gidanmu kowace safiya ba tsoho ba ne mai sauraron koke kawai. Na ji ƙanƙantata, na ji ƙanƙantar bukka da gona da Ƙaura, na tuna ɗan wurin da yatsan malam ya rufe. Tsoron da ya kama ni ya fi na 'yan tawaye girma, amma abin mamaki, bai sa na so gudu ba. Da ya rufe addu'ar na ce amin, haƙorana suna kaɗawa.

Muka dawo gida jiƙe sharkaf, muna taka ruwa har gwiwa a wasu wurare, gulbin Gagare yana ruri daga nesa. Mama ta yi ta faɗa a kan za a sa mini mura, ta shafe ni da man zafi. Ba abin da ya canza a labarai. Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, aka cika rumbu. Aka girbe dawa. Muka yi Kirsimeti ba ɗinki, ba wanda ya ma tambaya. Rediyo wata rana ta ce an sasanta, wata rana ta ce an koma faɗa. Baba Tsoho bai rage ko ɗaya daga cikin addu'arsa ba, bai kuma taɓa yi mana alkawarin cewa babana zai dawo ba. Wata mata a majami'a ta ce ta yi mafarki ta gan shi da farin kaya yana dariya, Baba Tsoho ya gode mata, da muka fito ya ce da Mama kada ta jingina ga mafarki, ta jingina ga Mai riƙe da shi.

Da bazara babana ya dawo, da tsakar rana, ana zafin nan da ke sa kwalta narkewa. Ina tsakar gida ina surfe sai na ji yaran unguwa suna ihu suna kiran sunansa. Na fito da taɓarya a hannu. Ga shi yana tahowa daga wajen tashar mota, ya rame ya yi baƙi, da jaka biyu, ɗaya a kafaɗa ɗaya a hannu. Na ruga zan faɗa jikinsa, ya dafa kaina ya ce, "Ladi, tsaya tukuna." Bai shiga gidanmu ba. Ya wuce ƙofarmu, Mama tana tsaye a bakin zaure da hannu a baki, ya je ƙofar Malam Garba ya yi sallama. Da tsohon ya fito, babana ya durƙusa har ƙasa ya aje jakar da ke hannunsa a gabansa. Malam Garba ya dubi jakar, ya dubi hanya ta bayan babana ko akwai mai zuwa. Sannan ya zauna a dakali. Ya ce, "Ishaya, an yi mashi sallah?" Babana ya ce an yi, abokansu Musulmi suka yi masa, shi da hannunsa ya taya haƙa kabarin. Malam Garba ya ce, "To, madalla. Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinai." Daga cikin gida muka ji kukan Inna Hajo ya tashi.

Ba a yi murna a gidanmu ba ranar nan, ba a yi guɗa ba. Mama ta shiga ɗaki ta yi kukanta, na godiya da na baƙin ciki a haɗe, sannan ta ɗaura zane ta shiga wurin Inna Hajo. Baba Tsoho ya zauna a tabarmar makoki kusa da abokinsa har aka tashi zaman, yana karɓar gaisuwa kamar ɗansa ne ya rasu. A cikin kwanakin nan na same shi shi kaɗai yana ba awaki ruwa, na ce ai tare ya roƙa musu, babana da Sani, to me ya sa aka dawo da ɗaya? Ya aje bokitin ya ce, "Ban sani ba, Amarya. Ba a ba ni mulkin ba, roƙo aka ba ni."

Babana bai cika magana a kan yaƙin ba. Kunnensa na hagu ya mutu, kuma idan jirgi ya yi kuka sai ya zabura. Amma wata safiya bayan addu'a, muna zaune ana shan koko, ya ba da labari ɗaya. Ya ce a yankin da aka kashe Sani akwai wani shugaban 'yan tawaye da sunansa kaɗai kan sa gari ya watse. Yana yawo da layu har gwiwar hannu, yana cewa harsashi ba ya shigarsa, yana cewa ko Allah sai ya nemi izninsa kafin ya shiga garin da ya kama. Daga baya yaransa suka juya masa baya, aka kama shi, aka sa babana cikin masu gadinsa. Ya ce ya shiga ɗakin yana tsammanin zai ga wani ƙato. Sai ya tarar da ɗan guntun mutum, ba takalmi, kwance a siminti zazzaɓi yana kaɗa shi, leɓɓansa sun tsage. Mutumin ya ɗaga kai ya roƙe shi ruwa. Babana ya ce ya tsaya, bindiga a hannu ɗaya, gorar ruwa a ɗaya, fuskar Sani tana gabansa. "Baba," in ji shi, "ba kirkina ba ne. Na dube shi yana numfashi da ƙyar, sai na ga ashe numfashin ma ba nasa ba ne, aro aka ba shi. Sai tsoron Allah ya kama ni." Ya tallafo kansa ya ba shi ya sha.

Baba Tsoho ya aje kofinsa, hawaye suka gangaro cikin gemunsa, karo na farko da na ga ya yi kuka a fili. Ya tambayi babana ko mutumin yana da rai. Babana ya ce bai sani ba, an tafi da shi wani wuri. Tsohon ya girgiza kai a hankali yana kallon ƙasa, ya ce, "Ka ga mutum. Jiya gari yana gudunsa, yau yana roƙon kurɓi ɗaya." Ya ɗauki hauyarsa da malfa ya fita, don lokacin sharar gona ya yi.

Baba Tsoho ya rasu ina makarantar koyon aikin jinya, aka binne shi a Ƙaura, kuma Malam Garba, da sandarsa, ya raka gawar har bakin maƙabarta. Yanzu jirgi ya daina zuwa, ciyawa ta cinye layin da ya yi ƙuruciyarsa yana ƙwanƙwasawa. Gonarmu ta hanyar Zurmi tana nan, amma ba mai zuwa nomanta, don hanyar ba ta biyuwa yadda muka saba. A da yaƙi yana can bakin teku, sai an kunna rediyo yake shigowa gidanmu. Yau sunayen da ake ambata a labarai na ƙauyukan da muke sayen fura ne, kuma waɗanda ake kawo mana asibiti da raunin harbi suna magana da irin bakin Malam Garba. Ni ban gaji natsuwar kakana ba. Addu'ata ta yau mai gaggawa ce, sau da yawa a tsaye nake yinta, hannuna cikin safar aiki.

Babana ne ke tara gida da safe yanzu. Ya tsufa, furfura ta rufe shi, yana karkata kunnen dama idan ana masa magana. In na je hutu nakan zauna a bayan jikokinsa in saurara. Yakan ambaci Shinkafi da Zurmi da ƙauyukan da aka tasa, da waɗanda aka sace, da masu mulki. Idan ya zo kan mutanen da ke cikin daji da bindigogi sai ya tsaya, wani lokaci shirun ya yi tsawo har yara su fara buɗe ido. Amma bai taɓa tsallake su ba. A irin wannan shirun nakan yi kewar muryar Baba Tsoho da ba ta rawa a wannan gaɓar, da gero mai kai wa wuya, da hanyar da yarinya da tsoho za su bi su biyu ba fargaba. Masu bindiga da masu kujera da yawa sun zo sun wuce a idona. Wanda muke kira yana nan inda yake.